Irin Kankanar Mairama

Shekara biyu bayan Turawa sun miƙa mulki, Uwaisu mai gyaran keke, mutumin Likoro, ya ɗago kai a kasuwar Makarfi ya ga wata yarinya tana yanka kankana. Cikinta ja wur, 'ya'yanta kuwa farare kamar na guna.

"'Yan mata, wannan kankana ce ko guna ta yi ado?"

"Ɗanɗana tukuna, mai keke, ka bar surutu."

Ya ɗanɗana. Tun daga ranar, kowace kasuwa sai ya nemi inda take zama.

Sunanta Lantana, 'yar Malam Haliru na Gazara. Irin na mahaifiyarta ne, marigayiya Mairama, ba wanda yake da shi a yankin. Kowace kaka Lantana takan zaɓi wadda ta fi nuna, ta wanke 'ya'yan, ta shanya a inuwa, ta cuɗa da toka, ta zuba a gora ta rataye. Abin da uwarta ta bar mata ke nan.

Da magabatan Uwaisu suka je, Malam Haliru bai ɓoye ba.

"Yaron yana da ladabi. Amma bai taɓa shuka abu ya tsira ba. Ba na ba da 'yata ga wanda abincinsa ke kasuwa."

Ruwan farko na sauka, Lantana ta miƙa wa Uwaisu gorar a ƙofar gida.

"Ka shuka bayan ɗakinku, ka kawo wa Baba nunanniya."

"Duka, hasken idona? Ki rage."

"In na rage, ai ban yarda da kai ba ke nan."

Wannan wauta ce. Manomi ba ya ba da iri duka, ko ga ɗan'uwansa na ciki ɗaya. Amma wa ke faɗa wa mai so?

A hanya ruwa ya duke shi, gorar ta jiƙe. Ya wanke tokar, ya baza irin a faifai, ya tafi aiki. Mahaifiyarsa Indo, wadda idonta ya fara rauni, ta ga fararen 'ya'ya ta ɗauka na guna ne ɗanta ya sayo mata. Ta soya, ta daka, ta kaɗa miya. Ya dawo ya ci tuwo ya ƙoshi, sannan ya tambayi faifai.

Da ta faɗa masa, ya daɗe yana kallon akushin.

"Ba komai, Inna. Miyar ta yi daɗi."

Ya je Gazara. Bai ambaci uwarsa ba, don ɗan halak ba ya kai sunan uwarsa gidan surukai da laifi.

"Irin ya lalace a hannuna, Lantana."

"Duka?"

"Duka."

Ba ta ɗaga murya ba. "Ranar da Inna ta rasu ban yi kuka sosai ba, don gorar tana rataye. Yau ka binne mini ita."

Ta shige gida.

Daminar ta yi musu tsawo. Bayan ɗakin Lantana, inda take shuka kankanar, ciyawa ce kawai ta fito. Uwaisu ya bar zuwa kasuwar Makarfi, ya rame har hula ta yi masa yawa. Maiwada, babban manomi a Gazara, ya aiko neman aure, Malam Haliru ya tambayi 'yarsa.

"Baba, a bar ni zuwa kaka," ta ce. "Ba don ina jiran kowa ba."

Ita kuwa Indo, daga baya ta ji ko irin mene ne ta daka, barci ya ƙaurace mata. Wata safiya ta kai shara juji, inda ta sheƙe faifan nan, ta shafa wani ganye mai yaɗo. Ta kewaye shi da ƙaya. Ta hana awaki, ta hana kaji. Da ya yi 'ya, ta kifa mata tsohuwar ƙwarya. Ba ta faɗa wa ɗanta ba, tana tsoron kada ta zama guna ta sake karya masa zuciya.

Da 'yar ta nuna, igiyar jikinta ta bushe, Indo ta ɗora ta a ka, ta taka har Gazara. Ta durƙusa a zauren Malam Haliru, aka gaisa, ta faɗi yadda aka yi.

"Ni na ci irin, Malam, ba yaron ba. Ga abin da Allah ya rage. Ban sani ba ko guna ce."

Aka kira Lantana da wuƙa. Ta tsaga. Ja wur, da fararen 'ya'ya. Ta dafe bakinta, hawaye na zuba a kan ɓawon.

Malam Haliru ya ce, "Har yau bai shuka komai ba. Amma wanda ya yarda ya rasa mata don ya rufa wa uwarsa asiri, zai rufa wa 'yata. Ku turo."

Bayan an kai amfani gida aka ɗaura aure. Da aka kai ta Likoro, Uwaisu ya kasa haɗa ido da ita.

"Kin yafe mini?"

"Miyar dai ta yi daɗi, mai keke?"

Ya yi dariya da jiƙaƙƙun idanu.

Washegari ta raba irin gora biyu. Ɗaya ta aika Gazara, ɗaya ta kai ɗakin Indo ta rataye da hannunta.

"Ke za ki riƙa ajiye mana, Inna."

Tsohuwar ta shafa gorar, ta shafa kan amarya. "Allah ya ji ƙan Mairama. Allah ya sa ku ga jikokinku suna shuka shi."