Zobe a Bakin Kwanso

Sufeto Metod Grebenc bai kai rabin kofinsa ba aka bugo waya daga dajin da ke saman garin Ribnica: bindiga ta fashe a hannun wani maharbi, kuma mutumin ya cika. Da ma Sufeton bai iya zama wuri ɗaya ba, balle yanzu da likita ya raba shi da taba, ya koma taunar tsinken sakace. Ya ture kofin, ya ce wa Saje Polona ta tayar da mota.

Sun tarar da maharban ƙauyen cirko-cirko cikin ƙanƙara, kowa da hularsa a hannu, karnuka sai kuka suke. Farautar aladen daji ce ta ranar Lahadi. Mamacin, tsoho Silvo Oražem, a harbinsa na farko bindigar ta tarwatse, ƙarfen bayanta ya same shi a fuska.

Shugaban ƙungiyar maharban, Rajko Pakiž, wani ƙato mai furfura, shi ya tare su.

"Da hannuna na duba bindigar kowa da harsashinsa kafin mu shiga daji, Yallaɓai, kamar kullum. Ban ga komai ba."

"Wa ke ɗura masa harsashi?"

"Mu nan ai sai rago ke sayen na kanti. Kowa ya tsince kwanson harsashinsa, ya sake ɗura masa albarushi. Silvo ma haka, sai dai kwanan nan hannunsa ya fara rawa..."

"Ni ce."

Wata mace ce a durƙushe kusa da gawar. Tadeja ce, 'yar mamacin, mai tuƙa motar 'yan makaranta.

"Ni nake ɗura masa tun da hannunsa ya lalace. Gwangwani biyu ne a kan kanta, albarushin bindigar tsuntsu da na babbar bindiga. Na haɗa su ke nan. Ni na kashe Baba, ku tafi da ni."

Rajko ya dafa kafaɗarta. "Haba 'yata, tsautsayi ne."

"Bar ni, Kawu Rajko. Na san abin da na yi."

Da wani ɗan sandan ne, da ya rubuta wannan ya tafi cin abincin rana, amma Grebenc ya tsani laifin da ya zo masa da ƙafarsa. Ya ce a kai bindigar ɗakin gwaji, shi kuma ya bi Tadeja gida.

Ɗakin aikin tsohon tsaf yake, ya fi kicin ɗin wasu matan tsabta. Sufeto ya zaga, ya buɗe nan, ya leƙa can.

"Nuna mini yadda kike yi."

Ta ɗauki kwanso ɗaya. "Duk harbi sai ya ɗan ƙara tsawo. In ba a aske bakin ba, zai matse harsashin a cikin bindiga." Ta zura shi cikin wani dunƙulen ƙarfe mai rami, ta goge abin da ya leƙo da magagari.

"Da magagari? Ba ku da injin askewa?"

"Baba ya ƙi. Ya ce inji ana iya saita shi ba daidai ba, amma wannan ƙarfen ba ya ƙarya."

A cikin aljihun tebur Sufeto ya ci karo da wata ƙwarya-ƙwaryar ɗamara ta fata mai batir a jiki, an yanke ta da wuƙa.

"Wannan fa?"

"Ta wuyan kyanwar dajin nan ce da hukuma ta hana taɓawa, da ita ake bin sawunta. A rafi ya tsinta. Ya ce ya san wanda ya harbe ta, kuma zai faɗa a taron ƙungiya."

"Ya ambaci suna?"

"A'a." Ta share hawaye. "Yallaɓai, me wannan zai canza? Ni na ɗura harsashin."

Sufeto ya jefa ɗamarar cikin aljihunsa. Tsinken bakinsa ya riga ya zama gari.

Ranar Laraba sakamako ya fito. Sauran harsasan jakar Silvo lafiya lau, albarushin da ya dace ne a ciki. Wanda ya fashe kuwa cike yake da mai saurin ci, na bindigar tsuntsu. Gaban kwanson ya maƙale a cikin bindigar, an zaro shi bai lalace ba.

Sufeto ya ɗora shi ƙarƙashin gilashi mai ƙara girma, ya kira Polona.

"Dubi bakin kwanson da Tadeja ta aske. Me kika gani?"

"Zane-zane a miƙe."

"Magagari ke nan. Wannan fa?"

"Zagaye yake. Ga wani ɗan zobe ma da ya taso a tsakiya."

"Inji mai juyawa, kuma wuƙarsa ta ɓalle a gefe guda. Wannan harsashin ba daga gidan Silvo ya fito ba."

"To mu gaya wa baiwar Allah mana! An ce ko ruwa ba ta sha."

"Ba za ta yarda ba sai ta ga mutum. Ɗauko makullin mota."

Kantin kayan maharba ɗaya ne a yankin, na Madam Zvonka, wadda bakinta ba ya hutawa. Ta jera musu injuna uku a kan kanta kamar su masu saye ne.

"Wannan na hannu ne, a hankali amma ba ya kuskure. Wannan a bakin abin huda bango ake ɗaura shi. Wannan kuwa mai lantarki, na masu gaggawar zuwa lahira."

"Wa ya taɓa yi miki kukan wuƙar injinsa ta ɓalle?"

Ta kwashe da dariya. "Rajko mana! Tun bara nake ce masa ya sayi sabuwar wuƙa, ya ce ai tana ci. Shi da ke cewa mai lantarki na 'yan birni ne, sai ga shi Litinin da sassafe, ko gaisuwa babu, wai wanne ya fi sauri. Na ce, Rajko, ba a binne abokinka ba kana zaɓen inji? Ya ɗauka ya fice."

Sun sami Rajko a ɗakin ƙasa na gidansa. Sabon injin na kan benci, ƙasa kuwa ɓarɓashin tagulla ne kamar an zubar da buhun gero.

"Wannan? Ai ya fi shekara a wurina," in ji shi.

"Tsohon fa?"

"Na bayar. Na manta ma wa na ba."

Sufeto ya ɗebi kwanso daga bokiti, ya duba, ya sake ɗiba. Duk bakinsu sumul, sai ƙyalli. Ya auna ɗaya, ya gaza tsawon da ya kamata. Na biyu ma haka.

"Ka aske su har sun gajarce, Malam Rajko. Maharbi irinka?"

"Baƙin ciki ne, Yallaɓai. In ban sami abin yi da hannuna ba, haukacewa zan yi."

A mota Polona ta daki sitiyari. "Wallahi shi ne! Amma ya goge komai. Tsohon injin ƙila yana ƙasan kogi, kwansunan kuma ya aske su tas."

"Mai hankali da ya zubar da su. Shi ya kasa, mai ɗura harsashi ba ya iya jefar da tagulla." Sufeto ya ci gaba da taunar tsinke. Can ya tofar da tsinken. "Ina suke taruwa bayan jana'iza?"

Ɗakin taron maharban ya cika, ana zuba barasa don tunawa da mamaci. Bangon duk allunan katako ne. Al'adarsu ce, wanda ya kashe babban alade sai a kafa haurensa a allo, a manna kwanson harsashin da ya kashe shi a ƙasa, a rubuta sunan maharbin. Tadeja na zaune a lungu cikin baƙaƙen kaya, ba ta kallon kowa.

Rajko ya miƙe da kofi zai yi jawabi. Sufeto ya wuce shi, ya taka kujera, ya sauko da allo mafi girma.

"Na wa ne wannan?"

"Na Rajko!" wani ya amsa. "Aladen kakar bana. Ya ishe mu da labarinsa."

Sufeto ya ɓamɓare kwanson, ya ajiye shi gefen wanda aka zaro daga bindigar Silvo, ya miƙa wa Tadeja gilashin.

"Ke za ki duba, ba ni ba."

Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, muryarta da ƙyar take fita.

"Zobe ɗaya ne. Mu... mu da magagari muke yi."

Sufeto ya juya ga Rajko.

"Bindigarka da ta Silvo harsashi iri ɗaya suke ci," in ji Sufeto. "Kai ka riƙe jakarsa da safe da sunan dubawa, ka jefa masa naka harsashin a ciki. Ka aske ɗaruruwa, ka manta da wanda kake alfahari da shi."

Kofin ya kuɓuce daga hannun Rajko.

"Kyanwa ce fa! Saboda kyanwa zai sa a ɗaure ni, a ƙwace bindigata? Tare muka tashi! Na roƙe shi ya ƙi." Ya zube a kujera. "Hannunsa kawai na so ya ji ciwo, ya kwanta asibiti taron ya wuce. Ban nufi kisa ba."

Polona ta sa masa ankwa. Maharban suka dare, ba wanda ya dube shi. Da suka zo daidai Tadeja, ya tsaya.

"'Yata..."

"Ka ji na ce ni na kashe shi," ta ce. "Ka dafa kafaɗata, ka ce tsautsayi ne."

Aka fita da shi. Sufeto ya laluba aljihu neman tsinke bai samu ba. Yana shirin bin su, sai ta riƙo hannun rigarsa.

"Yallaɓai, sauran harsasan da na ɗura masa fa?"

"An buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Duk daidai suke."

Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin ta kifa fuska a tebur, ta fara yi wa ubanta kuka.