Kejin Ragwayen Ƙwari

Ƙarfe uku da rabi na ranar Juma'a, Sufeto Abdulsamad bai daɗe da dawowa daga masallaci ba, wata mata ta shigo caji ofis na Kura tana haki, farar rigar aiki a saman hijabinta.

"Yallaɓai, an yi mini sata."

"Zauna tukuna, Malama. Me aka ɗauka?"

"Ƙwari."

Kofur ɗin da ke kan kanta ya sunkuyar da kai yana ƙunshe dariya. Sufeto bai yi dariya ba, domin ya ga idanunta sun yi ja.

Sunanta Mansura. Ita ce ke kula da wani ɗan ɗakin gwaji da ƙungiyar manoman tumatir ta gina a gefen Kadawa. A cikin mota, direba yana jan su zuwa can, ta yi masa bayani.

"Ka san tsutsar da manoma ke kira Sharon? Ƙwaron da ke haifar ta nake kiwo. Idan an yi feshi, a cikin dubu sai a samu biyar da jikinsu ya iya da gubar. Su ne za su rayu su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji wannan ƙarfin. Wata guda ya ishe su sake haihuwa. Ana ta maimaita magani ɗaya, raunanan suna ƙarewa, masu taurin suna cika gona."

"To naki fa?"

"Nawa ba su taɓa shaƙar magani ba. Shekara uku ina renon su. Da su nake auna na gona, in gane maganin da ya mutu da wanda ke aiki. In babu su, ba ni da abin faɗa wa manoma bana."

A ɗakin gwajin, kwaɗo lafiyarsa ƙalau, kamar yadda ta kulle shi da ƙarfe ɗaya kafin ta fita. Mansura ta nuna bulon da take ɓoye makulli a ƙarƙashinsa, ta ce cikin kunya kusan duk mai zuwa wurin ya san da shi.

Sufeto ya zagaya. Kwamfuta tana nan. Madubin duba ƙananan halittu yana nan. Keji biyu na gidan sauro ne a da a kan tebur. Na ƙwarin da aka kamo daga gonaki ba a taɓa shi ba, gurbin ɗayan ne kawai ya rage.

"Me yake zama a nan?" Ya nuna wani zagayen danshi a kan kanta.

Ta duba. "Kwalbar ruwan sukari. Abincinsu ne. Ita ma babu, har da audugar da suke tsotsa."

"Wanda ya zo ɓarna, fesa musu magani zai yi ya fita," in ji Sufeto. "Wannan guzuri ya ɗaukar musu. Wa kuka yi faɗa da shi kwanan nan?"

"Usaini mai shagon maganin feshi. Ranar Litinin ya ce ina kashe masa kasuwa."

Sun sami Usaini yana jera kwalabe.

"Ina kake da ƙarfe ɗaya da rabi?"

"Masallacin Kura, Yallaɓai. Sahun gaba ma."

"Ni ma sahun gaba nake. Wace sura liman ya ja?"

Usaini ya ajiye kwalbar da ke hannunsa. Ya dubi Mansura, ya sosa ƙeya.

"Gaskiya na je ɗakin gwajin. Shawara na je nema, na zaɓi lokacin da ba mai gani na. Tawa gonar ma Sharon ta cinye. Maganin da nake sayarwa na fesa mata sau shida, kamar wanka nake yi wa ƙwarin."

"Ka shiga?"

"Wallahi a'a. Na hango keke jingine da darbejiya, da jiƙaƙƙen buhu a kariya. Na ce akwai mutum, na juyo."

"Keken wa?"

"Kamar na Kawu Datti. Shi ma fa abinsa da mamaki. Duk bayan kwana biyu yake zuwa sayen magani, amma yau kwana goma ban gan shi ba."

Mansura ta girgiza kai tun kafin su shiga mota. "Ba zai yiwu ba, Yallaɓai. Kawu Datti shi yake kawo mini ganyen tumatir marar feshi daga bayan gidansa, kyauta. Duk taron wayar da kai yana bencin gaba. Ya fi kowa tambaya."

"Wace tambaya ya yi miki ta ƙarshe?"

Sai fuskarta ta sauya, ta buɗe mota ta shiga.

Gonar Kawu Datti tana bakin wata 'yar kwata ta ruwa a hanyar Bunkure. Tsoho ne siriri mai farin gemu. Ya tarbe su da fara'a, ya shimfiɗa musu buhu a gindin mangwaro.

"Baba, ina ka yi Juma'a?"

"Bunkure, ranka ya daɗe. Daga can gona na wuto."

Sufeto ya ja numfashi. Gonakin maƙwabta duk warin magani suke, nan kuwa sai ƙamshin ganye, ga kuma tabon tsutsa fari-fari a jikin tumatir.

"Ka daina feshi ke nan?"

"Hutawa nake."

Sufeto ya nufi keken da ke kwance a kan kunya. Kiyashi sun yi layi tun daga taya har kariya. Ya dangwali ƙarfen da yatsa, yatsan ya manne.

"Baba, rake ka ɗauko?"

"E... rake ne."

"Raken da ba ɓawo, ba tuƙa. Mu je gida mu gaida Inna."

Uwa, matar Kawu Datti, ita ce ta amsa sallamar. Tana tari ƙasa-ƙasa, hannayenta sun tsattsage har wuyan hannu. Da ta ga kakin ɗan sanda, ta dubi mijinta.

"Malam, na faɗa maka. Baƙin naka suna rumfa, Yallaɓai. Ya hana ni ko hura wuta, wai hayaƙi zai dame su."

Kejin yana cikin inuwa, lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, an sa masa sabon ganye, audugar tana jiƙe da ruwan sukari. Mansura ta durƙusa tana ƙirga da ido.

"Rabi ne."

Kawu Datti ya zauna a kan turmi, ya cire hula.

"Rabin na saki a gona. Ni na ɗauka, ranka ya daɗe, ba kowa ba." Ya juya ga Mansura. "Ke kika ce mini, 'yata, in rago ya auri mai tauri, 'ya'yan sukan fito ragwaye. Na ce to ga ragwaye a keji suna zaman banza. Shi ya sa na tsaida feshi, don kada in kashe angwayen."

"Amma me ya sa ba ka tambaye ni ba, Kawu?"

"Da kin hana." Ya nuna matarsa da haɓa. "Dubi hannunta. Ita ke wanke mini kayan feshi. Da can sau ɗaya a mako ne, yanzu sau uku, har huɗu. Na ce ta bari, ta ce shekara arba'in ba wanda ya wanke mini riga sai ita. In ƙwarin sun koma ragwaye, feshi ɗaya ya isa."

Uwa ta juya baya tana gyara mayafi.

Mansura ta goge ido. "Kawu, maganarka tana kan hanya, amma ƙwaro ɗari ba za su sauya miliyoyi ba. Sai duk manoman yankin nan sun yarda a riƙa sauya jinsin magani, a rage feshi, a sa tarko. Gona ɗaya ba ta iyawa." Ta ɗaga wani ganye zuwa haske, ta yi ajiyar zuciya. "Sun yi ƙwai. Alhamdulillahi, za su farfaɗo. Yallaɓai, na janye ƙara."

"Sai ki zo ki janye a rubuce. Shi ma sai ya ba da bayani a ofis, doka ce." Sufeto ya miƙa wa tsohon hannu ya tashe shi. "Inna, ki ɗora tuwo, kafin magariba zan dawo miki da shi. Gobe kuma a kai hannun nan asibiti."

Ya buɗe masa ƙofar gaba. Mansura ta shiga baya, kejin a cinyarta. Kawu Datti ya sa ƙafa ɗaya a mota, sai ya tsaya ya leƙa direba.

"Ɗana, ka bi a hankali wajen ramin kwalbatin nan. Akwai masu jego a baya."