Arba'in a Cokali Ɗaya

Ranar da Yavuz ya fara ganin Melike, cokali mai yatsu ta nema. Ya leƙo daga kicin, hannunsa duk gari, don ya ga wace ce za ta ci manti, 'yan mitsi-mitsin ƙullin fulawa irin na garinsu Kayseri, da cokali mai yatsu. Direbar bas ce, sanye da rigar aiki, ta shigo ɗan gidan abincinsu na Istanbul cin abincin rana.

Da kansa ya fito ya ajiye mata cokali. "Ƙanwata, wannan da romonsa da nononsa ake haɗawa."

"Ni 'yar Rize ce, can bakin teku, kifi muka sani." Ta kai baki, ta ɗanɗana. "Wa ya naɗe 'yan ƙananan nan, kowanne da namansa a ciki?"

"Ni ne," ya ce, yana kallon ƙasa.

Tun daga nan ba ta fashi. Bayan wata shida ya gaya wa mahaifiyarsa Gulsum, mai gidan abincin, cewa yana son ya aure ta.

"A garinmu ba a ɗauko amarya sai ta naɗe manti arba'in sun shiga cokali ɗaya," in ji ta. "Ga Sevda 'yar maƙwabcinmu, arba'in da biyu take yi."

Ya tura wa Melike saƙo: "Hasken idona, kada ki damu. Ni zan naɗe, ki ce naki ne."

Amsa ta zo: "Ba zan shiga gidanku da ƙarya ba, ran raina. Ka koya min."

Kullum bayan la'asar, idan mutane sun ragu, sai su zauna a teburin baya. Ranar farko goma sha ɗaya suka cika cokalin.

"Wannan manti ne ko matashin kai?" ya ce.

"Kai ka taɓa juya bas a lungun kasuwa? Miƙo ƙullin nan."

Wata biyu aka yi haka. Ranar gwaji, Gulsum ta sa tabarau, ta riƙa ƙirgawa da tsinke.

"Talatin da ɗaya."

"Iyakar ƙoƙarina ke nan, Teyze," in ji Melike, kanta a ɗage, tana kiranta da kalmarsu ta gwaggo. "Ya ce zai yi min, na ƙi."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon cokalin, sannan ta cire tabarau.

"Ni a lokacina ashirin da tara na yi. Marigayi baban Yavuz ne ya cika sauran a ɓoye. Shekara talatin ban taɓa gaya wa kowa ba." Ta tura wa Yavuz ƙullin. "Cika tara, a gaban kowa. Ke kuma daina ce min Teyze kamar baƙuwa. Anne za ki ce, ni uwarki ce."

Yavuz bai taɓa naɗe manti da alfahari irin na ranar ba.

A gidan abincin aka yi walimar aure. Wani kawun amarya da ya zo daga Rize ya ɗaga hannu yana neman cokali mai yatsu. Melike ta tattare farar rigarta, ta kai masa cokali da kanta.

"Kawu, a gidanmu da wannan ake ci."

Gulsum ta yi dariya har da hawaye, ta kamo hannayensu biyu ta haɗa.

"Allah ya sa ku tsufa a kan matashi ɗaya."