Gadon Da Jinya Ta Cinye

Ranar da Barira ta fita takaba, ranar Dodo ya watso mata kwanuka da tabarmi a ƙofar gida, mutanen unguwar Birni na kallo. Dodo yayan mijinta ne, marigayi Mahamud, wanda ya shekara tara yana tuƙin taksi a Amurka kafin ciwon ƙoda ya yi ajalinsa.

"Ina dukiyar ƙanena?" ya daka mata tsawa. "Shekara tara a Amurka, ki ce bai bar komai ba? Ɓarauniya!"

Barira ta rungume ƴarta Aliya, hawaye na zuba, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Yaya, ka ji tsoron Allah! Jinya ce ta cinye. A can, ko kana biyan asuransi duk wata saboda ranar ciwo, sai ka fara zuba na aljihunka kafin su kama maka, balle shi da nasa ya yanke. Har motarsa ya sayar... Zan fita, amma wallahi ko yanka ni za a yi ba zan amsa sunan ɓarauniya ba!"

Wayyo duniya! Dangi suka juya mata baya, matan da ke kawo mata ɗinki suka ɗauke ƙafa, har surukarta Inna Kaltuma ta daina amsa gaisuwarta. Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Aliya, likita ya rubuta magani mai tsada. Dodo ya aiko cewa zai biya in ta sa hannu ta bar masa rabon yarinyar a gidan mahaifinta. Barira ta ce da ɗan aiken, "Ka gaya masa haƙƙin marainiya ba na sayarwa ba ne." Ta ɗauki keken ɗinkinta ta kai kasuwa, ta dawo da magani tana kuka tana cewa, "Ya Allah, kai ne shaidata..."

Bayan damina Safiyanu, abokin zaman Mahamud a Amurka, ya sauka Damagaram da jakar takardun marigayin. Da ya ji labari, shi ya raka Barira gaban alƙali. Ya baje takardun asibiti, sannan na aiken kuɗi, waɗanda duk ke ɗauke da sunan Dodo.

"Ranka ya daɗe," in ji Safiyanu, "Dodo ne ya yi ta bugo waya cewa za a yi wa mahaifiyarsu aiki a Yamai. Mahamud ya bar biyan asuransinsa shekara biyu yana turo masa. Da ciwo ya zo, ba abin da ya tare masa."

Inna Kaltuma, da ke zaune a zauren shari'ar, ta miƙe. "Ni? Ko allura ba a taɓa yi mini a Yamai ba! Dodo... da sunana ka kashe ɗan'uwanka?"

Alƙali ya mayar wa Barira da ƴarta gidansu, jandarmomi suka tasa ƙeyar Dodo. A bakin ƙofa ya durƙusa, "Barira, ki yafe mini!"

Barira ta kama hannun Inna Kaltuma da ke kuka a kafaɗarta, ta dube shi ido cikin ido. "Nawa na yafe, Yaya. Na Mahamud kuwa, sai kun haɗu."