Gwaggo Batulu Ta Ƙoshi

"Faranti ɗaya fa, Inuwa! Faranti ɗaya ya saya, ya ce a kawo masa wani wayam, ya raba biyu!"

"Yaya, zauna mana ki sha ruwa—"

"Kada ka yi mini zancen ruwa! Ruwan ma a jakarsa ya zo da shi!"

Gwaggo Batulu ce a tsakar gidan ƙanenta Malam Inuwa a Kwarbai, mayafi ya zamo har ƙugu. Radiya, 'yar Malam Inuwa, tana rakuɓe a bakin madafa, ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

Abin da ya faru shi ne, Muntasir, malamin firamare ɗan Tudun Jukun wanda aka riga aka karɓi kuɗin gaisuwarsa, ya nemi izinin kai Radiya gidan abinci. Malam Inuwa ya yarda, amma da rakiyar Gwaggo. Ita kuwa tun safe ta ƙi koko, ta ƙi ɗumame, wai tana ajiye wa kaza wuri.

"Baba, wallahi ya tambaye ta," in ji Radiya. Ta maƙale murya, ta langaɓe kai, ta rufe rabin fuska da gefen hijabi, sak Gwaggo: "'A'a ɗan nan, ni na ƙoshi, ku dai ku ci.'"

Malam Inuwa ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Ja'ira! To a gaban suruki zan ce yunwa nake ji? Ni 'yar ina ce? Ai ɗan mutunci sake tambaya yake yi, ya matsa, ya rantse, in ƙi, ya sa a ƙunsa mini in taho da shi! Shi kuwa sai cewa ya yi 'Alhamdulillahi', ya rufe menu! Ina zaune ina kallon cinyar kaza tana wucewa. Har da bayani: wai da rana ya fi araha, wai a lemo suke cin riba, wai shi ya ɗan taɓa tuwo a gida kafin ya fito don kada ido ya yi masa oda. Inuwa, a mayar musu da kuɗinsu. Marowaci ba zai auri 'yata ba!"

Nan dariya ta ɗauke. A gidan nan maganar Gwaggo ba ta faɗuwa ƙasa. Ita ta goya Malam Inuwa, ita ce kuma uwar biki. Radiya ta durƙusa, hawaye shar.

"Gwaggo, tarawa fa yake yi, ɗaki yake rufawa—"

"Ki ci kwanon rufi in an kai ki! Ga Rilwanu, ɗan ƙawata, mai shagon waya. Jibi zai kai mu wurin nan dai, ki ga yadda maza ke oda."

Da yamma Radiya ta kira Muntasir tana shessheƙa.

"Malam, kai ma dai! Wa ya ce maka in babba ta ce ta ƙoshi, ta ƙoshi?"

"Subhanallahi! To ƙarya zan ɗauka ta yi?"

"Ba ƙarya ba ce, kunya ce!"

"To ni yanzu ya zan gane kunya da ƙoshi?"

Ta kashe wayar don takaici. Mahaifinta, da ya ji komai daga zaure, ya ce, "Ki bi gwaggonki jibi, ki yi haƙuri. Ba a ɗaura aure a gidan abinci."

Rilwanu ya zo da mota mai baƙin gilashi da turare mai sa atishawa. Suna zama Gwaggo ta langaɓe kai.

"Ni fa ɗan nan, na ƙoshi."

"Haba Momi! Wallahi ba ki isa ba! Kai, zo nan! Kaza, kifi, jalof, farfesun kan rago, shawarma, lemo kowane kala. Komai dobul!"

Gwaggo ta zunguri Radiya da gwiwar hannu. "Kin ji tarbiyya?"

Radiya ko cokali ba ta ɗaga ba. Teburi ya cika har aka jawo na kusa. Rilwanu ya ɗauki hoto ta sama, ya ɗauka ta gefe, ya ɗan tsakuri nan, ya lasa can. Gwaggo kuwa ta manta da kunyar suruki, ta naɗe hannun riga.

Da aka kawo bil, ya zaro waya yana murmushi. Ya latsa. Ya ɗaga ta sama. Ya girgiza ta.

"Netwok ne, Momi. Tiransifa ta ƙi tafiya. Bari in leƙa mai POS a bakin titi, yanzun nan."

Aka kira la'asar, babu Rilwanu. Radiya ta leƙa, babu mota. Gwaggo ta kira lambarsa, wata mata ta sanar da ita cikin ladabi cewa a kashe take. Manajan wurin ya zo ya tsaya a kansu, ya harɗe hannu.

"Hajiya, wa zai biya?"

"Ni baƙuwa ce! Gayyato ni aka yi! Na ma ce na ƙoshi!"

Manaja ya dubi tulin ƙasusuwan da ke gabanta. Mutanen sauran teburan suka fara waiwaye. Gwaggo ta kwance bakin zani, kuɗin Keke Napep kaɗai ta tarar. Idonta ya kawo ruwa.

"Radiya, kira ubanki... A'a! Kada ki kira shi, har in mutu yana yi mini dariya. Wayyo ni Batulu, yau a Zariya za a riƙe ni kan kan rago!"

Radiya ta koma gefe ta kira wanda ta san zai ɗauka.

Ba a jima ba sai ga Muntasir a kan tsohon mashin ɗinsa, da kuloli a ɗaure a baya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Gwaggo, bai ko kalli ƙasusuwan ba. Sannan ya juya wurin manaja.

"Ranka ya daɗe, lemukan nan ba a buɗe su ba, a mayar. Sauran kuma a juye mini a nan."

"Muna da robar tek-awe."

"Ta kuɗi ce. Na zo da kula."

Radiya ta dafe goshi. Ko a ranar ceto ma sai ya yi halinsa! Amma da ya tura kuɗin, nan take alat ya shiga wayar manaja. Ta san kuɗin kwanon rufi ne, ta kuma san damina na tafe.

"Malam, ɗakin fa?" ta faɗa a hankali.

"Za a sake tarawa. Gwaggo kuwa ai ba a sake samun wata."

Gwaggo ta ji. Ta ja mayafi ta rufe fuska, wannan karon da kunya ta gaske.

A gida aka baje kulolin a kan tabarma, har 'yan matan maƙwabta suka samu. Muntasir, daga bakin zaure, ya ce a miƙa wa Gwaggo cinya. Ta ƙi, ya matsa, ya rantse, kamar yadda Radiya ta karantar da shi a waya. Malam Inuwa ya saurari labarin har ƙarshe, ya goge ido, ya ce a gaya wa mutanen Tudun Jukun su zo a sa rana.

"Radiya, haƙurinki ya biya ki," ya ce. "Ku kuma 'yan mata ku ji: ba a gane mai kyauta a yawan oda. Wanda ya iya riƙe hannunsa ranar nishaɗi, shi ke da abin buɗewa ranar kunya. Kai kuma Muntasir, tattali ba ya hana karamci. In babba ya ce ya ƙoshi, ka sake tambaya." Ya juya. "Yaya, ke me kika ce? A sa ranar?"

Gwaggo ta ɗago, cinyar kaza a hannun dama, ta jawo babbar kular da hagu ta tura ƙarƙashin mayafi. Da baki cike ta ce:

"Ni fa na ƙoshi."