Igiyar Ƙararrawar Langdene

Da hantsi aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda na Ammariyya, wai an yi sata a gidan wani Bature mai gyaran injina a tashar jiragen ruwa. Ran Sufeto Abdulghaffar ya ɓaci. Sata a gidan Bature a Jidda ciwon kai ce, kafin ka sa takalmi manya sun fara bugo waya.

Ya tarar da mai gidan, Mista Garside, kwance, tsoho ne da ciwo ya cinye sai ƙashi. Ga agogon azurfa a kan tebur, ga rediyo, ba wanda ya taɓa su.

"Me aka ɗauka?" Sufeto ya tambaya da Turanci.

"Gwangwanin shayi."

Saura kaɗan Sufeto ya juya ya fita. Sai tsohon ya fara magana, numfashi na yanke masa. Sunan ƙauyensu Langdene, a wani kwari a Ingila, tumaki sun fi mutane yawa. Akwai tsohon coci na dutse, a nan ake raɗa suna, a ɗaura aure, a binne mamaci a harabarsa. Lokacin girbi kowa ya kawo alkama da tuffa a yi godiya. Kakansa ke kaɗa ƙararrawa, sai ubansa, sai shi.

"Sai aka gina madatsa," ya ce. "Ruwa ya rufe kwarin. Kafin a rushe cocin na ɗebi ƙasa daga kabarin matata, na yanki guntun igiyar ƙararrawa mai jan ulu. Na ƙulla ƙulli don kowane mamacinmu. Likita ya ce ba zan iya tafiya gida ba, kuma gidan ma babu. Su ne a cikin gwangwanin, ina so a sa su a kabarina, shi ke nan."

Tausayi ya kama Sufeto, abin da ba ya so a bakin aiki.

A kicin ya samu kuku Na'ibi, Bahaushen Sudan, yana yanka albasa.

"Ka san gwangwanin?"

"Wallahi ya sidi ban taɓa ganinsa ba. Ni ina ruwana da ƙasar kabari?"

"Wa ya ce maka ƙasar kabari ce a ciki?"

Wuƙa ta tsaya. Na'ibi ya amsa cewa ya taɓa buɗewa yana neman ganyen shayi, khawaja, wato Baturen, ya gaya masa ko mece ce. Bakinsa kuwa ba ya riƙe magana, ya fesa wa Barakatu mai wanki da shara.

"Ina take?"

"Unguwar Hindawiyya. 'Yarta ba lafiya."

A Hindawiyya ya ga an shimfiɗa tabarmi a lungu, mata na shiga da fita. Bai buƙaci a gaya masa ba, yarinyar ta rasu, da safen nan aka kai ta. Ya yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya nemi a kira masa uwar zuwa zaure.

Barakatu ta fito, idanu sun kumbura.

"Yaushe rabonki da gidan Bature?"

"Tun da jikin 'yata Luba ya tsananta ban taka ƙofar waje ba."

Sufeto ya dubi silifas ɗinta a bakin ƙofa. Gishirin teku ya bushe a kansu fari fat, ga zaren jan ulu maƙale a madauri. Ya sunkuya ya zare shi, ya ɗaga mata.

Ba ta yi gardama ba, sai ta zauna a ƙasa.

"Ya sidi, kai ma Musulmi ne. Ƙasar kabari da igiya mai ƙulle-ƙulle a ɓoye cikin gwangwani, me sunansa in ba sihiri ba? Tun da na fara share ɗakin Baturen nan Luba ta kwanta. Na kai ta asibiti, na yi rubutu, shiru. Na ɗauko abin, na kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya ina karanta Falaƙi da Nasi, na watsa duka a teku. Halas, an gama, na ce yanzu za ta tashi." Ta share hawaye. "Ba ta tashi ba."

Sufeto ya gaya mata abin da ke cikin gwangwanin, da ƙauyen da ruwa ya ci, da mutumin da ke jiran mutuwa. Ta ɗora hannu a ka.

"Matarsa ce? Wayyo Allah, matarsa na zubar?"

Da son ransa ne da ya bar ta a kan tabarmarta. Amma magana ta riga ta kai sama, kamfanin Baturen ne kafilinta mai tsaya mata a ƙasar, kuma ya san da wuya iƙamarta, takardar izinin zama, ta tsira.

"Yalla, ya ukhti, mu tafi," ya ce a hankali. "Ɗauko mayafinki."

Aka fito da ita ta tsakiyar masu zaman makoki. Wata tsohuwa da ta iso a makare ta bi motar tana riƙe da taga, tana cewa, "Allah ya ba ki haƙuri, Barakatu, Allah ya sa mai ceto ce." Direba ya ja mota.

Can a gidansa na Ammariyya kuwa tsohon Bature ya sa Na'ibi ya bar ƙofa a buɗe, don kada Sufeto ya dawo da gwangwani ya tarar da ita a kulle.