Kwalaben da Ke Zuwa Daga Bobi

"Baba, ba ka ga akwatin da ke ƙarƙashin gadona ba?"

Malam Husaini bai ɗago kai daga keken ɗinkinsa ba. "Na gani. Na kuma ƙone shi."

Jannatu ta dafa ƙofar zaure. "Ka ƙone... duka?"

"Duka. Ko kwalba ɗaya ban bari ba."

Wata takwas ke nan abin yana cin sa a rai. Jannatu ce 'yarsa ta fari, tana digiri na biyu a jami'a kan ƙwayoyin cuta. Shi dai bai san kan karatun ba, in an tambaye shi a majalisa sai ya ce likita ce. Amma tun da ta dawo Kontagora yin bincike, duk Laraba sai wani saurayi mai suna Modibbo ya taso daga rugarsu a Bobi bisa babur, ya miƙa mata ƙananan kwalabe naɗe da tsumma. Ba turare, ba atamfa, kwalabe kawai. Ita kuwa ta karɓa da hannu biyu tana murmushin da bai taɓa ganin ta yi wa Lukman ɗan amininsa ba, wanda ta ce wa ya yi haƙuri.

"Na buɗe na gani da idona," in ji Malam Husaini. "Wasu baƙaƙen abubuwa cikin ruwa, har da gashin dabba, ga rubutu a jikin kowace. Da na cinna musu ashana, wutar shuɗiya ta tashi. Kin taɓa ganin abin arziki ya ci da shuɗiyar wuta?"

"Kaska ce, Baba," ta faɗa. "Kaskar shanu. Ruwan kuma sinadarin da ke hana ta ruɓewa ne, haka wutarsa take. Cutar da take sa wa shanu nake nema. Wata mai zuwa zan kai wa malamina..."

"Haka ya ce ki faɗa mini?"

Ta zame ta zauna a ƙasa, hawaye na zuba. Ta san yawancinsu kaskar damina ce, damina kuwa ta wuce. Sai ta jira wata shekarar.

Ana haka suka ji tsayuwar babur, don ranar Laraba ce. Modibbo ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Malam Husaini. Da ya ga fuskar Jannatu, sai ya ajiye ƙunshin hannunsa.

"Malamata, me ya faru?"

"Ni za ka tambaya," Malam Husaini ya katse shi. "Kai yaro, tsakaninka da Allah, me kake ba 'yata?"

Jannatu ce ta faɗa wa Modibbo abin da aka yi, kalma ɗai-ɗai. Shi ne ya riƙa kayar da shanun ana cire kaskar, ya sha harbinsu, ya bi ruga sha ɗaya yana roƙon dattawa su yarda a taɓa dukiyarsu.

"Baba," ya ce a hankali, "ban ga laifinka ba. Mahaifina ma kwana arba'in bai amsa gaisuwata ba."

"Saboda me?"

"Ya ce 'yarka ce ta yi mini asiri. Wai wace irin budurwa ce za a ce me kike so, ta ce kaska? Ya ce so take ta mallake ni, ta haɗa da garken."

Malam Husaini ya miƙe har almakashi ya faɗi. "'Yata? Jannatun da ta sauke Alƙur'ani tana shekara sha uku? Ya taɓa zama da ita da zai yi mata wannan zato?"

"Bai taɓa ba, Baba."

Malam Husaini ya dubi saurayin da bai taɓa ce wa ya shigo ya sha ruwa ba, sannan ya koma kujerarsa a sanyaye.

"To... yaya aka yi ya sauko?"

"Maruƙanmu shida suka mutu bara. Bana ta nuna mana inda kaskar ke ɓuya da lokacin yi wa shanu wankan magani, ɗaya kawai muka rasa. Yanzu kullum tambayata yake yaushe zai zo ya gaishe ka. Ni nake ce masa ya dakata, don na ga yadda kake kallona."

Malam Husaini ya juya wajen 'yarsa.

"Uwata, babu yadda za a yi a dawo da su?"

Ta girgiza kai. "Sai ruwa ya sake sauka."

"Shekara guda na ƙone miki ke nan."

"Zan jira tare da ita," in ji Modibbo. "Ko shekara nawa ne."

"Ba kai na tambaya ba." Ya share idonsa da bakin hula, ya janyo ƙunshin da ke ƙasa, ya kwance tsumman. Ya ɗaga kwalba ɗaya wajen haske, ya daɗe yana kallon 'yar kaskar da ke ciki, sannan ya miƙa wa Jannatu da hannu biyu.

"Ki yafe mini. Wannan ni zan ɗinka mata jaka."

Ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka. Ya dafa ta, ya dubi Modibbo ta saman tabarau.

"Ka ce wa mahaifinka ya zo ran Juma'a. Kafin mu yi maganar aure, sai ya fara janye abin da ya faɗa a kan 'yata."